Igiyar Alban

Kakata ta bugo waya daga Sydney Mines:
"Digiri na biyu a kan me? Likita za ki zama?"
Na ce a'a. "To, nas?" A'a, Kaka.
Ina koyon yadda mutum zai koma ga cokalinsa,
ga maɓallin rigarsa, ga murfin kwalba,
bayan jiki ya yi masa tawaye.
Ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ma sai an ci bashi?"

An ci kuwa.
Kullum ƙarfe bakwai ina cikin jirgin fito
daga Dartmouth zuwa Halifax, sanyi na cizon kunne,
ina haddar ƙasusuwan hannu, ashirin da bakwai,
ina laluben nawa ta cikin safa, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai ƙirga canji a aljihu.

A aji Malama Pettipas ta ɗaure mana hannun dama,
ta ce kowa ya haɗa shayi, ya shafa wa burodi man shanu.
Burodi ya yi ta gudu a faranti.
Muka yi ta dariya. Ita ko murmushi.
"Ku ai ƙarfe huɗu za a kwance ku," in ji ta.

Zango na uku aka tura ni asibiti,
wurin Alban Boutilier, ɗan shekara saba'in da huɗu,
arba'in da biyar daga ciki a kan teku yana jan tarkon ƙaguwa.
Yanzu ɓarin dama ya shanye,
hannun na kwance a cinya kamar kifin da aka manta a kwando.

Na zo da takardata da rigar gwaji mai manyan maɓallai.
Ya dubi rigar, ya dubi bango.
Kwana uku muna haka.
Na rubuta: "Ba ya ba da haɗin kai."
Malama ta ja layi da jan biro, ta ƙara a gefe:
"Kin tambaye shi me yake so hannun ya yi?"

Na tambaya.
Baki ya karkace, kalmar ta fito da jan ciki:
"Igiya."

Verna, matarsa, ta kawo ta washegari a jakar cefane,
shuɗiya, ta yi kaushi, tana ƙarnin teku.
Ƙullin da ake ɗaure jirgi yake nema.
Na duba littattafaina huɗu, babu shi.
Shi ya koya mini, da haɓa da harara.
Yatsu goma lafiyayyu gare ni, sau shida ina kasawa,
ya yi dariya da rabin fuska,
Verna ta juya baya tana gyara labulen da bai karkace ba.

Na ɗaure bakin igiyar a ƙarfen gado,
na sa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannunsa.
Hagu ta yi aiki, haƙori ya taya.
Ran kwana sha tara, babban yatsan dama
ya sauko kan igiyar, ya danne.
Dannewa kawai. Daƙiƙa uku, na ƙirga.
Ba wanda ya ce uffan.

Maɓalli dai har aka sallame shi bai saka ba.
Verna ta sayo riguna masu shiga ta kai.
Jirgin ma an sayar wa ɗan ƙanensa tun bazara,
ya sani, bai taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu dare ya raba, kundin bincike na jira,
suna son alƙaluma, daga ɗaya zuwa goma.
Na rasa gidan da zan saka daƙiƙa ukun nan.
Shayi ya huce. Jarrabawa ran Alhamis.

Da safe a bakin ruwa
wani saurayi ya yi tsalle ya kama igiyar jirginmu,
ya naɗa, ya ja, yana hira da abokinsa,
ko kallon hannunsa bai yi ba.
Ni na tsaya ina kallo
har mutanen baya suka fara ture ni.