Haƙorin Barira

Da hantsi haƙorin Barira ya faɗi
cikin ƙosai, a zaurenmu na Ƙofar Sauri.
Ta rufe baki da tafi biyu
kada ƙadangaren kan katanga ya ga giɓin
ya hana sabo fitowa.
Na ce, jefa shi kan soro, yarinya,
haka muka yi, haka aka yi mana.

Uwarta ta ce, dakata, Baba.
Hansatu ke nan, 'yata ta uku,
wadda ta ƙi keken ɗinkina ta zaɓi farar riga.
Ta ɗora shi a tafin hannu
kamar ƙwan kurciya.

Wai cikin wannan ɗan farin tsakuwa akwai ɗaki,
a ɗakin akwai ɓargo,
a ɓargon akwai ƙwayoyi 'yan asali
da ba su yanke abin da za su zama ba tukuna,
ko ƙashi, ko jijiya, ko guringuntsi.
Ana renonsu a faranti, cikin ɗumi irin na jiki,
su riƙa tsattsafo da wani ruwa.
Ba su ake nema ba, in ji ta,
abin da suka zubar ake tacewa:
saƙo ne zuwa ga naman da ya gaji,
wai tashi, kira jini, kama gefenka ka haɗe.

Na ce, ai jiƙo ke nan.
Wa ya taɓa tauna saiwa? Ruwan ake sha.
Ta yi dariya har gilashinta ya zame.

Ni ban yi ba. Ina kallon dunduniyata.
Damina biyu gyambon suga yana nan,
baki buɗe, ba ya cewa komai.
Shekara arba'in ina ɗinki a 'Yar Kutungu,
ban ga yagewar da ta gagari allurata ba
sai wannan da nake takawa.

Na ce, yaushe?
Ta gyara mini bandeji kafin ta amsa.
Ba bana ba, Baba. Ƙila ba baɗi ba.
Bincike ne, yana rarrafe,
yawancinsa a kan ɓeraye.
Ka sha maganinka,
ka daina aiken Barira sayen alewa a ɓoye.

Wannan kuwa, ta ce, ya riga ya sha mai da yaji,
ba zai yi ba.
Ta miƙa wa mai shi.
Barira ta ja da baya, ta runtse ido, ta wurga.
Muka ji ƙas! a bisa kwano.

Da dare na kasa barci.
Na bi bakina da harshe ina ƙirga:
bakwai suka rage, duk goro ya rine su.
Sai na tuna sorayen garin nan,
daga Rafindadi har Ƙofar Ƙaura,
da abin da muka yi ta zuba musu tun muna yara,
muna gudun ƙadangare,
ba mu san da ɗakin da ke ciki ba.