Madubin da ke Bayan Iyali

A Kejetiya na same shi, an naɗe mini gyaɗa a ciki:
shafin tsohuwar kalanda, maiƙo ya ci gefe guda.
Wani iyali na Sifaniya, shekara ɗari huɗu baya,
baƙaƙen kaya, farin wuyan riga mai faɗin faifai,
uwa a zaune, yara uku, kare ya yi lamo,
ba mai murmushi ko ɗaya.

Na kai wa Baba Cindo a rumfarmu ta Aboabo,
inda muke zana allunan masu aski.
Ya goge tabarau da bakin riga, ya daɗe bai tanka ba.

"Mai zanen nan ya ci bashi," in ji shi.
"Duhun da ya haɗiye bango, daga Italiya ya ɗebo,
can suka gano fuska ta fi magana
in haske ya shigo ta taga ɗaya.
Jan labulen na birnin nan ne da kwalekwale ke bin lunguna.
Haƙurin ƙirga zaren leshi, da ɗan madubin can baya,
na mutanen arewa ne, masu sanyi da dogon zama.
Dubi daɓen kuwa, taurari masu kusurwa takwas.
Hannun Andalus ke nan, yaro.
An kori masu shi, ana taka aikinsu."

Ran Laraba Hajiya Tasalla mai goro ta zo
da 'ya'ya huɗu, da jika a goye,
da koɗaɗɗen hoton fasfo na marigayi.
"A sa shi," ta ce, "amma kar a tsayar da shi cikinmu
kamar bai tafi ba. Ba na son ƙarya a bangona."

Kwana uku ruwa na dukan kwano,
ni ina juyi a tabarma.

Sai na rufe ƙofa, na bar taga ɗaya.
Na zuba duhu a bayansu, na ba mayafinta jan goro,
na ƙirga zaren kenten autanta har idona ya kawo ruwa.
Can sama da kafaɗarta na rataya madubi, bai fi tafin hannu ba,
Alhaji a ciki, dishi-dishi,
yana kallonsu daga inda mai kallo ke tsaye.

Da ta zo karɓa, ta duba, ta waiwaya.
Ba kowa sai ni da gwangwanayen fenti.
Ta ƙirga sidi, ba ta nemi ragi ba.

Baba ya ce, "A wurin wa ka ranto?"
Na ce, "Wurin wanda shi ma bai biya ba."

Shafin na nan a jikin ƙusa,
har yau yana ƙamshin gyaɗa.