Masu Gadin da Ba Sa Tambayar Suna

Ruwa bai ɗauke ba a Valdivia tun Litinin.
Kogin Calle-Calle ya cika ya batse,
ni kuwa ina hawa na uku, safar roba a hannu,
ina ɗiga ruwan jinin mutane
a faranti mai ramuka casa'in da shida.

Eleodoro, yau ma da kai na zo aiki.

Tsintsiya kawai ka ɗauka.
Ɗakin itacen Inna Herminda, da ya yi watanni a garƙame,
ka buɗe, ka share, ka yi atishawa biyu, ka yi dariya.
Ashe ɓeran daji mai dogon bindi
ya riga ya bar saƙonsa cikin sharar.
Mako uku, shiru.
Sai zazzaɓi, sai ciwon cinyoyi, ka ce gajiyar faskare ce.
Ran kwana na biyar kana kamun iska kamar mai nutso,
alhali a busasshen gado kake.

Ƙauye ya tsine wa ɓera.
Ni ma na tsine, shekara guda cur,
kafin littafi ya zaunar da ni ya ce:
in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Akwai masu gadi da aka haife mu da su.
Ba su je makaranta ba, ba sa riƙe fuska,
ba sa tambayar baƙo sunansa.
Ƙanshin baƙunta kaɗai suke ji, su yi kururuwa,
jini ya taho a guje, wuri ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura.
Su suka rufe maka yankan gatari kana ɗan shekara tara.
Su ne dai a huhunka
suka yi ta ihu, suka ƙi yin shiru,
har bangon jijiyoyi ya saki,
ruwan jikinka ya malale inda numfashi ke kwana.

An ce wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.
Naka ba su sani ba, yayana.
Tsoro ne kawai, da biyayya.

Nahuel ya leƙo da burodi da shayi, ya ce, "Ayelén, sha biyu ta wuce."
Na ce saura minti bakwai.
Ramukan sun fara shuɗi.
Na ɗiga ruwan tsayarwa, suka koma rawaya,
wani fayau kamar fitsarin jariri,
wani kamar gwaiduwar ƙwai.
Mai kaurin launi, can ihun ya fi yawa.

Rami na goma sha ɗaya matar nan ce ta Panguipulli
da ta tashi, take sayar da zuma har yau.
Na goma sha biyu yaro ne mai kiwon tumaki. Bai tashi ba.
Launinsu ɗaya.
Na sake dubawa. Ɗaya ne.
Wata takwas ina kiwon wannan zato kamar ɗan maraƙi,
ga shi daren nan ya faɗi a gabana.

Ban yi kuka ba. Na rubuta kwanan wata,
na rubuta: ba wannan muryar ba ce, ko ba ita kaɗai ba.
Saura wasu ashirin da ban saurara ba.

Ba kashe masu gadin nake nema ba,
wa zai kwana a gida ba ƙofa?
Kalma ɗaya nake farauta,
wadda jiki ke faɗa musu a harshensa
in ƙura ta lafa:
ya isa, ku ajiye sanda.

Babu jininka a firjin nan.
Lokacin ba wanda ya yi tunanin ajiyewa.
Rigar ulunka ce kawai a bayan kujerata,
gwiwar hannunta ta ɓule,
har yanzu da ɗan warin hayaƙi.

Na wanke hannu har gwiwa, na kashe fitila.
Gobe faranti na arba'in da biyu.