Abin da Gishiri Bai Ci Ba

A ɗakin ƙasa na ma'ajiyar tashar ruwa, a Valparaíso,
inda bango ke gumin gishiri ko da rani,
nan nake aiki, ni Eulalia, ni da fanka mai tari.
Manyan motoci na wucewa ta saman kaina,
kofin shayina na rawa a kan tebur.

Ranar Talata Hermógenes Ancalaf ya sauko matakala
yana ƙirga ta da sanda, goma sha tara,
rungume da kwalin takalmi ɗaure da zaren kamun kifi.
Faya-fayan dā ne a ciki, masu kusurwa huɗu, talatin da ɗaya.
Ya ce, "Marigayiya matata ce ta buga.
Shekara ashirin tana rubuta duk kwalekwalen da ya fita bai dawo ba.
An ce mata takarda na ruɓewa, kwamfuta ba ta mantuwa."

Na yi shiru.
Wa zai gaya wa mai makoki romon baka aka yi wa matarsa?
Takarda in za ta mutu tana sallama:
ta yi ja, ta yi wari, asu ya bar sawu.
Fayil kuwa ka gan shi garau,
suna tsaf, kwanan wata tsaf,
sai ka fasa, ashe baragurbi ne.

Na jawo tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin kanta, na lallashe ta.
Tara suka ƙi magana.
Huɗu suka yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.
Sauran suka buɗe baki, sai dai yarensu ya mutu,
manhajar da ta haife su ta riga su kwanta dama.
Sai na sa sabuwar kwamfuta ta yi shigar kakarta,
ta kwaikwayi tafiyarta har da ɗingishin.
Kwana uku kafin haruffa su yarda su fito.

Suka fito. Kwalekwale, rana, sunayen maza.
A layi na ɗari biyu da shida sai ga giɓi:
wani sifili ya gaji da zama sifili, ya koma ɗaya,
ya cinye harafi a tsakiyar suna,
ya bar wata alama mai kama da ƙugiya.
Tsohon ya matso har hancinsa ya taɓa gilashi.
"Golondrina," in ji shi. "Na ƙanena ne. Shuɗi, mai farin baki."
Na cike gurbin, na rubuta a gefe:
wannan daga bakin Hermógenes, ba daga faifai ba.

Kowane fayil na ɗauki zanen yatsarsa,
dogon jerin lambobi da ba ya rufa wa kowa asiri.
Duk wata shida zan gwada,
in ga ko wani ya sauya fuska da dare.
Na tuɓe musu ado, na bar rubutu zalla.
Kwafi ɗaya nan, ɗaya a kaset can Temuco, nesa da teku,
ɗaya a abin da suke kira gajimare,
alhali ɗakin wani ne, da mita, da kuɗin haya.
Ranar da aka daina biya, hadari ya watse ba ɗigo.

Ya ce, "Ke nan sun tsira har abada?"
Na ce, "Har shekara biyar. Sannan a sake kwashe su."
Ya yi dariya har da tari.
"To ai kwalekwale ne. Ba a yi masa fenti sau ɗaya,
kuma mai kwalfe ruwa ba ya barci."

Duk da haka ya ce in buga masa a takarda.
Ya cusa ta cikin riga, ya hau goma sha taransa.

Ni kuma na zauna da abin da ban faɗa masa ba:
kalmar sirrin duka ukun a kaina take,
kuma shekarata hamsin da takwas.
Gobe yarinyar nan Ximena za ta fara aiki.
Kafin in nuna mata inda ake dafa shayi,
zan ba ta biro.