Zama Ya Gagari Baduku

Shekara talatin ina kan kujerar nan
a rumfar dukawa, cikin Birni,
ina huda fatar akuya da basilla,
ina ɗinka alabe da kuben wuƙa.
Ban san zama ni'ima ba ne
sai ran da na zo zama, kujera ta ƙi ni.

Wani abu ne kamar ƙwayar gujiya
ya tsiro inda ba a nuna wa aboki.
In na tsuguna, wuta. In na tashi, ƙaiƙayi.
Wata asuba na ga ja a bakin masai,
ja irin na karan dafi da nake rina fata,
buta ta yi rawa a hannuna.

Na yi shiru. Wata huɗu ina shiru.
Na koyi zama da ɓari ɗaya
kamar jakin da mangala ta karkace wa.
Yarona Nomau ya ce, "Maigida, lafiya?"
Na ce masa ƙafa ce.

A Kasuwar Dole mai lasifika na ta kira:
"Basir mai tsiro, mai jini, mai kumbura ciki,
mai kashe ƙarfi, mai sa mantuwa!"
Kome ke damunka, a bakinsa basir ne.
Na miƙa jaka biyu ina waige-waige,
ya ba ni ƙullin gari mai ɗacin maɗaci.
Kwana uku ina zarya da buta,
abin ya ƙara fushi.

Tasalla ce ta gane.
Mai wanke wando ba a yi mata ɓoyo.
Ta bari sai da yara suka yi barci,
ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoye cibi.
Gobe asibiti."

Kabu-kabun da ya kai ni, Allah ya yafe masa,
bai bar rami ko ɗaya ba tun daga Birni.

Majo Ilyasu bai yi dariya ba.
Ya ja labule, ya duba, ya wanke hannu.
"Ba jifa ba ne, ba tsutsa ba ce.
Jijiyoyin jini ne a bakin dubura,
yunƙuri da dogon zama suka kumbura su.
Naka da sauƙi. Amma jini ba a yi masa zato,
akwai cutar da ke aro rigar basir,
shi ya sa muke son mu gani da ido.
Ruwa nawa kake sha?"
Na ce, "A Damagaram? Inda jarka ke bin layi?"
Ya ce, "Shayi kake saye, sayi ruwa.

Ci zogale, ci rama, ci wake da kuɓewa,
gwanda in ta samu.
Rage kilishi da yajin nan naka.
In bayan gida ya kira ka, kar ka ce sai ka gama ɗinki.
In ka je, kar ka yi kokawa, kar ka daɗe.
Ka zauna a ruwan ɗumi safe da dare,
ga man shafawa.
In ya ƙi, akwai ɗaurin roba, akwai ɗan aiki.
In jinin ya dawo, kai ma ka dawo."

Haka na koma, da furfurata,
ina zaune cikin baho kamar ɗan goyo,
Tasalla na gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu
tana danne dariya da gefen mayafi.

Sati uku, wutar ta lafa.
Yanzu in na gama kube ɗaya sai in miƙe,
in taka zuwa gindin dalbejiya in dawo,
gorar ruwa kusa da basillata.

Jiya na ɗaga kai daga ɗinki,
na ga Cindo, mai yanka mana fata,
yana zaune da ɓari ɗaya,
yana cije leɓe, yana cewa ƙafa ce.
Na bari rumfa ta watse,
na jawo kujerata kusa da tasa.