Daɓen Gora

Sanyin siminti ya kama gwiwar Inna,
ciwon bana ya ɗara wanda ta yi bara.
Na ce zan ɗaga mata ƙasa da taƙi guda,
in shimfiɗa mata daɓe na tsagin gora.

Ta yi dariya har goro ya faɗo daga baki:
"Barmo, abinci za ka kai wa gara?
Mu da makuba muka san daɓe, da madaɓi,
mata goma a durƙushe, ana korar yara.
Gora ta tsaiko ce, a kan ɗaki take,
wa ya sauko da ita wurin taku da shara?"

Ban tanka ba. Na bari ruwa ya ɗauke,
dawa ta shiga rumbu, aka tattare kara.
Muka bi rafin da ke gangaren Riruwai,
ni da Tanimu, da adda sabuwar ƙira.
Ɗanyar bana zaƙi gare ta, ƙwaro na so,
sai mai damina huɗu, ita muke sara,
wadda in ka ƙwanƙwasa gaɓarta da ƙota
za ta amsa maka da busasshiyar ƙara.

Jaki biyu suka kwaso, muka jiƙa a kududdufi,
sati uku ruwa na tsotse zaƙin da ya yi saura.
Wari ya hana maƙwabta zama a dandali,
Ladiyo ta ce mushe na ɓoye wa kura.

A inuwar ɗorawa muka shanya, ba a fili ba,
rana gaggawa gare ta, ta tsage ba gyara.
Na tsaga, na feƙe, na kankare gaɓoɓi,
yatsuna goma, sartse ya shiga tara.
A ƙasa na zuba toka da baƙin mai,
na gitta maɗaci, ɗacin da ke korar gara.
Kowace ƙusa sai na huda mata hanya tukuna,
in ka buga kai tsaye ta dare, ka yi asara.
Tsagi bayan tsagi, baya sama, ciki ƙasa,
kamar kunyoyin gyaɗa da gwani ya tsara.

Tanimu ya matse na ƙarshe da bango, na ce zare,
bar faɗin yatsa, da damina za ta kumbura.
Haka Jatau ya koya min, da ranƙwashi biyu,
Allah ya kai haske kabarinsa, ya ƙara.

Muka shafe da man kaɗe, muka goge da tsumma
har ta yi launin zumar da aka tace aka ɗura.
Inna ta sa ƙafa ɗaya kamar mai gwada kogi,
ta ce, "To." Iyakar ladan da nake jira.

Kwana bakwai, na dawo daga kasuwar Doguwa,
na tarar ta sheƙa ruwa bokiti guda tana shara.
Tsagi huɗu suka ɗaga baki kamar kada,
na ɓamɓare, na haɗiye fushina, na gyara.
Na ce, Inna, tsintsiyar laushi, tsumma mai danshi,
randa waje, kasko a kan dutse kafin a hura.
In kika ji gari mai laushi a gindin tsagi,
ƙwaro ne ya shiga, tura yaro ya yi min kira.

Bana yana ta rufe mata ido ɗaya da rabi,
daɓen ya zama shi ke yi mata ishara.
Takun Ladiyo nauyi, na jikoki yayyafi,
akuya tun daga dokin ƙofa take shan kora.

Akwai tsagi na uku daga bakin ƙofa
mai ɗan kuka, aibin aikina tun da na fara.
Jiya na zo da guduma zan kashe kukan,
ta ce, "Barmo ne? Ajiye, kada ka gyara.
Kowa tsallake shi yake, kai kaɗai ke takawa,
da shi nake sanin ka iso, in daina jira."