Ɗari Huɗu da Sha Takwas, B

Shekara talatin da ɗaya ina shiga gidan nan ta goshi,
ban taɓa tsayawa na dubi ƙeyarsa ba.

A Sacramento kuɗin haya kura ne,
yana lashe albashin Maribel tun wata bai raba ba.
Ita da miji da yara biyu a matse
kusa da layin dogo, kofuna na rawa a kanta.
Ni kuwa ɗaki huɗu, ni kaɗai,
ina yi wa firji hira.

Na ce ku zo ku karɓi babban,
zan gina ƙarami inda tsohon gareji yake.
Ta ce, Baba, wa ya taɓa korar kansa?
Na ce ni, Eusebio, yau Talata.

Sai takardu.
Wata bakwai ina hawa benen hukumar birni,
zanen gini a hammata kamar burodi.
Ƙafa huɗu daga shinge, in ji su.
Wani saurayi mai tabarau ya zare jan biro
ya ce tagar gabas tana leƙen maƙwabta.
Madam Pruitt ta rubuta koke shafi uku
kan wurin ajiye mota,
ita da ba ta fita sai Lahadi.
Da aka fara aiki, ita ce ta aiko wa magina kek.
Ɗan Adam ke nan.

Kuɗin kuwa, kar ka tambaya.
Gidan da na gama biya da gumin gyaran bas
na sake kai shi banki jingina,
ga furfura ga bashi.

Tavita magini, ƙaton mutumin Samoa mai sanyin murya,
ya kafa turaku, ya ja igiya,
igiyar ta ratsa ta jikin lemun tsamin
da Leocadia ta dasa shekarar da ta haifi Maribel.
Ya dube ni. Na dubi takalmina.
Ya ce, ko a rage ɗakin kwana ƙafa biyu?
Na ce a rage.
Gadon mutum ɗaya zan sa.

Ranar zuba kankare
jikana Nico ya danna tafinsa a kusurwa,
uwarsa na ihu, ni ina tare masa da jikina.
Tayil ya rufe wurin yanzu,
amma na san inda nake takawa a hankali.

Mai duba gini ya zo sau biyar,
ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa bututu, ya sa hannu.
Aka liƙa mini harafi a akwatin wasiƙa: B.
Ashe duk shekarun nan A nake, ban sani ba.

Gado ya shiga, rediyo ya shiga,
tukunya biyu, akwatin sifana, hoton aure.
Teburin cin abinci ya ƙi ƙofar,
na bar musu. Dama ya gaji da faranti ɗaya.

Mun yi doka: kowa ya ƙwanƙwasa.
Nico ya karya ta kafin magariba.
An ce zumunta a ƙafa take,
tamu taku ashirin da biyu ce, na ƙirga,
ashirin da shida in gwiwa ta tashi.

Daren farko barci ya ƙi.
Na ja kujera bakin ƙofa, lemun na goga mini kafaɗa,
na ga fenti ya ɓare ƙarƙashin indararo,
na ga tagar kicin da haskenta rawaya
inda Leocadia ke tsayawa wanke-wanke,
idonta a waje, ni ina bayanta ina surutu.
Ban taɓa tambayarta me take kallo ba.
Shinge ne, da igiyar shanya, da bishiyar nan,
da daidai wurin da kujerata take.

Na daɗe a haka.
Sai tagar ta buɗe, kai ya leƙo,
goshin uwar sak.
Baba, ba ka kwanta ba?
Kana da albasa?